Tambaya: Omron na injin awon jini shi ne Omron na cikin fanel ɗin bohol?

ɗan_bunkure:

Assalamu alaikum 'yan uwa barkanmu da war haka. Dan Allah masu sani a harkar wuta ina da tambaya. Akwai wani suna da nake ta cin karo da shi wato OMRON. Injin awon jinin da Yaya ya aiko wa Hajiyarmu daga Kano sunan da ke jikinsa kenan, to shekaranjiya kuma da mai gyara ya buɗe akwatin fanel ɗin bohol ɗin unguwarmu sai na hango wasu 'yan ƙananan abubuwa masu murfin roba garau kana hango cikinsu, an jera su a layi, su ma OMRON ne a rubuce, har da wani mai ɗan agogo a goshi da ake murɗawa. Gaskiya abin ya ɗaure min kai, me ya haɗa awon jini da famfon ruwa? Kamfani ɗaya ne ko dai masu jabu ne suka ari sunan suka manna? Wani abin kuma a bayan injin Hajiya an rubuta a Vietnam aka yi shi alhali mai kemis ɗinmu ya ce kayan Japan ne, shi ne hankalina bai kwanta ba don lafiyar tsohuwa ce ba abin wasa ba. Wanda ya san tarihin kamfanin nan da ainihin sana'arsu ya taimaka ya warware min, Allah ya saka da alheri.

Oga_mai_waya_Kura:

Wa alaikumus salam ƙanena. Kamfani ɗaya ne, kwantar da hankalinka. Mu masu aikin fanel ai tun kafin mu san suna yin injin awon jini muka san su, don in ka buɗe akwatin wutar injin casar shinkafa a nan Kura ko na bohol ko na injin ƙyanƙyasar ƙwai da wuya ka rasa kayansu ko kwaikwayon kayansu a ciki. Waɗancan masu murfi garau ɗin rile ne, in ka duba da kyau za ka ga an rubuta MY2N ko MY4N ko LY2, shi kuwa mai agogon taima ne, galibi H3CR ko H3Y. Aikin rile ba wuya, a cikinsa akwai ɗan koyil na siririyar waya, da ka ba shi 'yar wuta kaɗan sai ya zama maganaɗisu ya fizgo wani ɗan ƙarfe, za ka ji ƙas, ƙarfen ya haɗa bakin wayoyi, wannan haɗuwar ce ke tada babban makunnin da ake kira kontakta shi kuma kontakta ya saki babbar wuta ta tafi wa samo, wato famfon da ke cikin bohol. Kamar dai ƙaramin yaro ne riƙe da igiyar bijimin sa, ba ƙarfi gare shi ba amma inda ya ja nan san zai bi. Taima kuma amfaninsa in an ɗauke wuta an dawo da ita kar famfo ya tashi nan take, ya ɗan jira wutar ta zauna tukun.

Amma abin nasu da na fi so, kuma na so a ce kowane tankin unguwa yana da shi, shi ne wanda ake kira 61F. Ka san yadda muke fama, a kunna samo da magariba mai kulawa ya tafi masallaci daga can ya wuce majalisa, tanki ya cika ya yi ta ambaliya har ƙasan ginshiƙin ya zama taɓo, ruwa ya tafi a banza wuta ta tafi a banza ƙarfen tankin kuma yana ruɓewa. To shi 61F sanduna uku ne na ƙarfe mara tsatsa ake zura wa a tankin, ɗaya doguwa har kusa da gindi, ɗaya matsakaiciya, ɗaya gajera a sama. Yana tura wata 'yar wuta kamar bolt 8 tsakaninsu wadda ba ta cutar da kowa, tunda ruwa yana ɗaukar wuta da zarar ya taso ya taɓa gajerar sandar sai layi ya haɗu rile ya kashe famfo, ba zai sake kunnawa ba sai ruwa ya sauka ƙasa da matsakaiciyar. Ba wani abu mai motsi a cikin ruwan da zai maƙale, iyakacinka lokaci lokaci ka ciro sandunan ka goge gansakuka.

Maganar jabu kuwa akwai shi kam, ba zan ɓoye maka ba, duk kayan da suka yi suna sai an kwaikwaye su. A rile ana gane shi, rubutun jikinsa in ka murza da yatsa yana gogewa, ba shi da nauyi a hannu, kuma kafin wani lokaci bakin haɗuwar ya yi baƙi ya fara ƙin kamawa. Tarihin kamfanin dai bari Malam ya zo shi ne gwaninsa.

Malam_na_Auyo:

Oga ya gama bayanin aiki, Allah ya ƙara basira. Bari in ɗan taɓa tarihin don ni wannan kamfanin yana cikin waɗanda nake yawan ba ɗalibaina labarinsu, saboda daga ƙasa ƙwarai ya taso.

Wanda ya kafa shi sunansa Kazuma Tateisi, an haife shi a Kumamoto ta ƙasar Japan a 1900, ya karanci lantarki. Lokacin da tattalin arzikin duniya ya durƙushe wajen 1930 aikin da yake yi ya kuɓuce masa, har ya koma yana ƙera abin matse wando ya yi kari yana yawon talla da kansa. Daga baya aka ba shi shawara cewa asibitoci na buƙatar abin da zai ƙayyade lokacin ɗaukar hoton ƙashi daidai, don a lokacin hoton ƙirji yana lalacewa in lokacin bai yi daidai ba, shi ne ya ƙera taimar da ke iya yanke wuta a kashi 1 cikin 20 na daƙiƙa. Da wannan taimar ya buɗe 'yar masana'antarsa a Osaka ranar 10 ga Mayu 1933 da sunan Tateisi Electric. Ka ga kenan tun ranar farko asibiti da wuta a haɗe suke a wajensu, tambayarka ta me ya haɗa su amsarta tana nan.

Daga taima ya shiga rile, a 1943 suka yi ƙaramin makunnin nan da ake kira maikuro suwic na farko a Japan. Yaƙin duniya na biyu ya cinye masana'antar Osaka, a 1945 suka koma Kyoto wata unguwa da ake kira Omuro, daga sunan unguwar aka samo Omron, aka fara buga shi a jikin kaya a 1959, amma kamfanin kansa bai sauya suna zuwa Omron ba sai 1990, shekara guda kafin rasuwar Tateisi a 1991.

Wurin da ni nake ganin mutumin ya nuna zuciya shi ne 1960. Ya gina cibiyar bincike a Kyoto da kuɗin Japan yen miliyan 280, wato ninki huɗu na jarin kamfanin gaba ɗaya a lokacin, mutane suna ganin ganganci ne. A wannan shekarar suka fito da makunnin da ba ya buƙatar a taɓa shi, ƙarfe ya matso kusa da shi kawai ya ji ya kunna, ba abin da ke gogar wani balle ya cinye. Yau duk masana'antar da ka shiga a Sharaɗa ko Chalawa ko Bompai za ka ga jikokin wannan abin a jikin bel suna ƙirga kwalabe da buhuna. Daga nan abubuwa suka yi ta biyo baya, 1964 danjar hanya mai lura da yawan motoci ta canza da kanta a Kyoto, 1967 tashar jirgin ƙasa ta Kita-Senri kusa da Osaka inda inji ke sayar da tikiti inji kuma ya duba shi ya buɗe maka ƙofa, 1971 injin cirar kuɗi da ke haɗe kai tsaye da kwamfutar banki, sai 1973 injin awon jininsu na farko. In ka lura duk abu ɗaya ne suke maimaitawa, a sami abin da zai ji, ko ruwa ko ƙarfe ko mota ko bugun jijiya, sannan a sami abin da zai yanke hukunci ya kunna ko ya kashe ba sai mutum ya tsaya a kai ba. Sana'ar kenan, sauran duk rassa ne.

Ta fuskar kasuwanci kuwa abin da mutane ba su cika sani ba shi ne injin awon jinin da ya sa muka san su ba shi ne babban abincinsu ba. Cinikinsu a shekarar kuɗi ta 2023 ya haura yen biliyan 800, kusan rabi daga kayan masana'antu ya fito, sensa da rile da na'urar PLC da ke tafiyar da layin inji gaba ɗaya da kuma mutum-mutumin aiki, shi kuwa ɓangaren lafiya bai kai kashi ɗaya cikin biyar ba. Kuma ba sa jin nauyin sakin abin da suka ga ba nan ƙarfinsu yake ba, harkar injin cirar kuɗi sun haɗe ta da ta Hitachi a 2004, ɓangaren kayan wutar mota kuma suka sayar wa Nidec a 2019 a kan kusan yen biliyan 100, a gefe guda kuma suna sayen wasu, kamar Adept na Amurka masu ƙera mutum-mutumi da suka saya a 2015. Abokan gogayyarsu manya ne, Keyence da Mitsubishi Electric a gida, Siemens na Jamus da Schneider na Faransa a waje.

Maman_Ilham:

Salam. Ni malamar asibiti ce a wani ƙauye a ɓangaren Ringim, irin wannan injin da shi muke awon masu ciki kullum shi ya sa na ce bari in sa baki. Ƙanena maganar Vietnam kar ta dame ka ko kaɗan, kamfanin na Japan ne amma suna da masana'antar injin awon jini a Matsusaka can Japan, da Dalian a Chaina, da kuma Vietnam, to ganin Vietnam ko Chaina a bayansa ba shi ke nuna jabu ba. Zuwa 2021 sun sayar da injin awon jini sama da miliyan 300 a duniya, ai ka ga masana'anta ɗaya ba za ta iya ba.

Abin da ya fi damuna ni ba jabu ba ne, yadda ake amfani da shi ne a gidaje, don na sha ganin inji mai kyau yana ba da lamba mara kyau saboda yadda aka ɗaura. Shi wannan injin ba sauraro yake ba irin yadda muke sa abin ji a kunne, yana hura iska ne a abin da aka ɗaura a damtse sannan sensar da ke cikinsa ta riƙa jin yadda bugun jijiya ke girgiza iskar, daga nan ya yi lissafi. To duk abin da zai girgiza hannun zai ruɗa shi. Hajiya ta shigo daga tsakar gida tana haki ta gama shara, a zaunar da ita a tabarma ƙafa a lanƙwashe, a ɗaura a kan hannun riga mai kauri jikoki suna ta hayaniya ita ma tana amsa gaisuwa, dole lamba ta hau. A bari ta huta kamar minti biyar a kujera mai jingina, ƙafa a ƙasa, hannu a ɗora a kan wani abu daidai saitin ƙirji, damtse a buɗe, tiyon ya biyo ta cikin hannu, kar ta yi magana har ya gama. Kar a auna bayan cin goro ko shan shayi nan take. A auna sau biyu da ɗan tazara a rubuta a littafi da kwanan wata, wannan littafin wallahi ya fi mana amfani a asibiti fiye da awo ɗaya da za mu yi mata tana tsorace.

A duba girman abin ɗaurawar ma, na yau da kullum na damtse santimita 22 zuwa 32 ne, in mai jiki ce akwai babba da ke kaiwa 42, in ya yi mata kaɗan zai nuna jini ya hau fiye da gaskiya. In ana yawan ganin 140 a sama ko 90 a ƙasa ko fiye a kawo ta asibiti, kuma dan Allah kar a daina shan magani don an ga lamba ta sauka, maganin ne ya saukar da ita. In kana son tabbatar da injin ku ka zo da shi ranar da za ta ga likita a gwada shi tare da na asibiti. Masu ciki kuwa in jini ya hau ga ciwon kai ga kumburin fuska ko gani dishi-dishi ba jira, jijjiga ba ta sallama.

Alhaji_mai_injin_casa:

Malam na karanta bayaninka sarai kuma na ƙaru, amma akwai abin da ke ci min tuwo a ƙwarya game da wannan sana'a tasu ta inji ya yi aiki ba mutum. Ni na taso na ga mata a garinmu suna cin abinci da sheƙa da tsintar tsakuwa a shinkafa, da shi suke sayen sabulu da kayan ɗakin 'ya'yansu. Yanzu manyan injina sun zo akwai mai cire tsakuwa akwai mai duba ƙwaya ɗaya ɗaya da ido na lantarki ya hure baƙar ya bar farar, na san ba lallai na wannan kamfanin ba ne amma ai gidan ɗaya ne. Shinkafar ta yi kyau kam ba musu, tana shiga kasuwa ta yi gogayya da 'yar waje, ni kaina da ita nake ci, amma matan nan da yawa sun zauna. Su Japan mutanensu tsufa suke yi ba matasa shi ya sa suke neman inji, mu kuwa matasa ne suka yi mana yawa ba aiki. Shin abin da ya zama magani a wajensu ba zai zama mana ciwo ba?

Malam_na_Auyo:

Ranka ya daɗe Alhaji wannan tambayar gaskiya ce kuma ban ga amfanin a shafa mata mai ba. Shi Tateisi ra'ayinsa da aka san shi da shi shi ne aikin da inji zai iya a bar wa inji, mutum ya koma ga aikin tunani da ƙirƙira. Maganar tana da daɗi amma tana cika ne kawai in akwai inda mutumin zai koma, matar da ke tsintar tsakuwa in ba a buɗe mata wata ƙofa ba zama za ta yi kamar yadda ka faɗa. Abin da zan ce a yaba masa shi ne ya gwada nuna ɗaya fuskar a aikace. A 1972 ya haɗa kai da wani likita Yutaka Nakamura suka buɗe masana'antar Omron Taiyo a garin Beppu, inda masu lalurar nakasa suke aiki, aka gyara tebura da injina suka dace da mai keken guragu ko mai hannu ɗaya, kuma masana'anta ce ta kasuwanci mai fitar da kaya ba gidan sadaka ba, har yau tana aiki. A nan inji bai kori mutum ba, shigo da wanda aka bari a baya ya yi. Ka duba yawan masu lalura da ke bara a kasuwar Gujungu ko Haɗeja ranar kasuwa, da yawansu hannunsu da kansu lafiya lau.

Su kansu ba su tsira ba fa. A farkon 2024 kamfanin ya sanar da rage ma'aikata kusan 2,000, rabi a Japan rabi a waje, saboda cinikin kayan masana'antu ya faɗi musamman a Chaina inda suka dogara sosai, ga kamfanonin Chaina ɗin kansu sun taso suna yin irin kayan da araha. Ni a ganina injinan nan sun riga sun shigo Kura da Haɗeja ko mun so ko mun ƙi, abin da ke min ciwo shi ne in fanel ya tsaya sai an jira wani daga Kano ko Legas, shinkafa na jiƙe tana jira. Wannan aikin gyaran da saita injin na yaranmu ne in an koya musu, kuma masu injina irinku Alhaji kuna da ikon ɗaukar yaro biyu uku ku haɗa su da mai gyara, mata ma suna iyawa sarai don aikin fanel natsuwa yake so ba ƙarfi ba.

ɗan_bunkure:

Na gode ƙwarai Malam, Oga, Anti da Baba Alhaji, Allah ya bar zumunci. Oga ni ina sha'awar koyon aikin fanel ɗin nan, na gama sakandare ina noman rani ne yanzu, ta ina mutum zai fara?

Oga_mai_waya_Kura:

Ka fara da mita ƙanena, ka sayi 'yar mita ko ta araha ce ka iya auna wuta da gane waya ta tsinke ko ba ta tsinke ba. Sai ka nemi rile ɗaya da gindinsa da ake dasa shi a kai, da maɓalli biyu kore da ja, da ƙwan fitila, duk za ka samu a Sabon Gari wajen masu kayan wuta. Amma ka nemi mai koyil ɗin bolt 12 ko 24 wanda batir zai tayar, kar ka fara da na 220, kuma kullum ka karanta abin da aka rubuta a jikin koyil ɗin kafin ka ba shi wuta don kamanninsu ɗaya ne, in ka ba wa na 24 wutar NEPA nan take zai ƙone. A jikin murfin akwai zanen ƙafafunsa da lambobi, a MY2N ƙafa ta 13 da 14 su ne na koyil. Abin da za ka fara haɗawa shi ne ka danna kore fitila ta kama ta zauna ko ka saki, ka danna ja ta mutu, ranar da ka gane dalilin da ya sa ta zauna ɗin to ka gane rabin fanel ɗin bohol. Bayan nan taima, bayan nan kontakta da obalod mai yanke wuta in lodi ya yi wa famfo yawa, PLC sai can gaba in hannunka ya faɗa. Babban fanel kuwa kar ka sa hannu sai da babba a kusa kuma an kashe wuta daga tushe an auna an tabbatar. In kun gama cire tumatir ka shigo Kura ranar da ka samu sarari, muna da aikin tanki a gaba za ka ga yadda ake yanka sandunan 61F a daidaita tsawonsu.